Jar Sitika a Bayan Baba Nomau

A wani daji da ke tsallaken kogi, can inda kukoki suka yi layi kamar masu jiran a raba musu abinci, dabbobi sun gina wa majalisarsu ofis, har suka jawo masa wutar lantarki daga injin da ke bakin ruwa. Wuta na zuwa, kaya suka biyo ta. Wannan ya kawo fanka, wancan ya kawo dutsen guga, wata ta kawo rediyo, kowa da abin da yake sokawa a bango. Shugabar majalisa kuwa, Hajiya Tabawa dorina, hita ta kawo, irin wadda ake tsomawa a bokiti, don ita ba ta iya zaman awa biyu ba ta jiƙa jikinta ba.

A ƙarshen baranda akwai ɗan ɗakin shayi, a nan Baba Nomau kunkuru yake. Tun ranar da aka buɗe ofishin shi ke dafa musu shayi, a wata butar lantarki ta farin ƙarfe wadda gefenta ɗaya ya lotsa. Saboda rashin saurinsa, in majalisa ta zauna ba a jiran ya tako. Sai a ɗora shi a kan faranti tare da kofuna a kai shi zaure, a can ya zuba wa kowa. Abin ya zama jiki, har ranar da Malam Jibo dila, magatakardan majalisa, yake shigar da kayan ofis a rajista. Da ya zo shafin kayan da ake ɗauka a ajiye, sai ya rubuta: buta ɗaya, faranti ɗaya, kofi goma sha biyu, kunkuru ɗaya. Aka nuna masa, ya ce ya riga ya sa hannu, kuma shi abin da ya sa wa hannu ba ya gogewa. Baba Nomau ya ci gaba da wanke kofunansa. Shi dama ba mai magana ba ne.

Tun farkon zuwan wutar, wata fanka ta fizgi wani zomo har gashinsa ya yi sati a miƙe. A kan haka dattawa suka kafa doka, cewa duk shekara a gwada duk abin da ake sokawa a bango. Mai gwajin ita ce Marka, wata shamuwa da ta koyi aikin wuta a garuruwan kudu. Kun dai san shamuwa da damina take tafe. Ranar da hadarin farko ya haɗu za a ga Marka ta sauka a kan kukar bakin ƙofa, da 'yar jakar fata a wuya. Kwana uku take yi, sannan ta wuce ƙauyen da take yin sheƙarta, can bayan duwatsu, inda kunkuru zai yi shekara bai kai ba.

Aikinta ba na gaggawa ba ne. Sai ta zare filogi daga soket tukuna. Ta bi waya da baki tun daga kai har gindi, tana lanƙwasa ta a hankali tana neman tsagewa. Ta kwance filogin ta duba fiyus, ta ga ko wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in ta ɓalle, tana ɗaure da kyau. Sannan ta fito da mitarta, ta maƙala mata baki a jikin ƙarfen, ta zuba wa allura ido. In abu ya ci gwaji, ta manna masa koriyar sitika, ta rubuta ranar da aka gwada da lokacin da za a sake. In ya faɗi, ta manna ja. Abin da ya sha jar sitika kuwa, doka ta ce a kai shi sito a kulle, kada a yi aiki da shi, kada kowa ya ɓare sitikar, sai shamuwa ta gan shi.

Butar Baba Nomau ce ta ƙarshe a gwaji, kowace shekara. Ba gulma ba, amma ɗakin shayi shi ne na farko in ka shigo ta ƙofar baya, kuma ta ƙofar baya Marka take shigowa. Sai ta wuce shi ta je ta gama da fankoki da rediyo da duwatsun guga, sai yammacin rana ta uku ta dawo ta leƙo ta ce, "Mai shayi, kana ciki?" Kamar akwai inda zai je.

In ta gama da mita sai ta ce ita a wurinta buta ba ta ci gwaji ba sai ta tafasa a gabanta. Sai ya ɗora ruwa. Yana da wani dogon gwangwani da ya ajiye mata a bayan kwalin sukari, don bakinta ba ya shiga kofi. Tana sha tana ba shi labarin inda ta fito, kogunan da ba a hango ɗaya gaɓarsu, da ƙasashen da ruwa ke zuba a lokacin da nan ƙasa ke tsagewa. Shi kuma ya ce, "To." In labarin ya yi daɗi ya ce, "Ikon Allah." Shekara guda yake yi yana shirya maganar da zai faɗa mata, yana gyara ta yana wanke kofuna, amma da ta zauna sai maganar ta shige ɓawo ta ƙi fitowa. Kafin ta tashi sai ta manna wa butar sitika ta rubuta da ƙananan baƙaƙenta masu karkata: Gwaji na gaba, farkon damina.

Bai taɓa ɓare tsohuwa ba. Tara ne a jikin butar, wata kan wata, har wurin ya yi tudu. Kowace safiya kafin ya zuba ruwa sai ya karanta ta saman. A duk rayuwarsa ba wanda ya taɓa rubuta masa cewa zai dawo, sai a jikin butar nan.

A damina ta tara ne abin ya ɓaci. Marka ta manna jar sitika har bakwai, cikinsu da hitar Hajiya Tabawa. Aka yi rashin sa'a, a makon baƙi suka zo daga dajin gabas, suka leƙa sito, suka koma gida da labari. Marka na tashi, majalisa ta zauna. Baba Nomau yana kan faranti yana zuba shayi, Malam Jibo ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Ranki ya daɗe, 'yan majalisa, ni ba ni da komai da shamuwa. Baƙuwa ce, kuma mu masu girmama baƙo ne. Amma ina roƙon ku duba wani abu. Kafin ta sauka ranar Litinin, kayan ofishin nan lafiyarsu ƙalau, kowa yana aiki da nasa. Ta yi kwana uku, ta tashi ta bar mana abu bakwai marasa lafiya. To ina tambaya, wa ya kawo ciwon? Na biyu, me ake nema a gwaji in ba koriyar sitika ba? Sitikar nan kuwa ba daga sama take saukowa ba, a kabad ɗina take. Wato muna zaune muna jiran wata ta keto ƙasashe ta zo ta manna mana abin da ke cikin kabad ɗinmu. Ga Delu hawainiya nan, 'yar gida, wadda ta san kore tun tana ƙwai, a ba ta aikin. Ban ce a soke doka ba, Allah ya kiyaye. Doka ta ce abin da ya sha ja sai shamuwa ta gani. Bakwai ɗin can ta riga ta gan su. Ranar da aka samu na takwas, sai a kira ta."

Aka yi ta gyaɗa kai. Hajiya Tabawa ta gyara zama, kujera ta yi ƙara, ta ce:

"Ni ba don hitata nake magana ba, kowa ya sani. Shekara shida ina tsoma ta a ruwa, ba ta taɓa yi mini komai ba sai ɗan tsikari, shi ma gajiya yake warwarewa. Abin da ya dame ni mutuncin ofis ne. Mutanen gabas ba su taɓa gwada komai ba, ba su da ja ko ɗaya, ana cewa ofishinsu lafiya. Mu da muke gwadawa mu ne abin dariya a mashaya. Na amince da Delu."

An ce a ranar ne kaɗai aka taɓa ganin Baba Nomau ya cika kofi har ya zube a faranti.

Da damina ta zagayo, yana ɗakinsa ya ji fukafukai sun kaɗa a kan kuka. Ya bar kofi a cikin kumfa ya kama hanyar ƙofa. Barandar nan taku arba'in ce ga mai dogayen ƙafafu. Kafin ya ci rabinta Malam Jibo ya riga ya tari Marka a gindin kuka, ya yi mata sannu da hanya, ya nuna mata rajista shafi shafi, kore tun daga sama har ƙasa. An ce ta tambaya ko buta tana tafasa, aka ce mata ƙwarai. Da la'asar Baba Nomau ya isa gindin kuka. Baƙin gashinta ɗaya ya samu a ƙasa. Ya ɗauko shi a baki ya koma, ya isa ɗakinsa da magariba, ya sa shi a cikin dogon gwangwanin.

Shekara ta biyu ya yi dabara. Tun da ya ga gabas ta fara duhu ya tashi, kwana ɗaya kafin ruwa. Ya kai bakin matakala ke nan Hajiya ta ce a kawo shayi, aka zo aka ɗauke shi cak aka ɗora a faranti. Yana zaure yana zuba wa ɓauna kofi na biyu, ta taga ya ga fararen gashin cikin Marka sun gilma sun yi arewa.

Ita kuwa Delu, aikinta ba ya kai azahar. Ba ta zare filogi, ba ta da mita. Ido ɗaya take sa wa kayan, ɗayan ta juya shi kan fuskar mai kayan, ta ga abin da fuskar ke so, ta manna. Ta manna wa fanka tana juyawa. Ta manna wa tsintsiya. Wata rana wani baƙo ya ajiye hularsa a tebur, da zai tafi ya tarar ta ci gwaji. Da ta zo ɗakin shayi ta manna tata a kan rubutun Marka. Tana fita Baba Nomau ya ɓare ta a hankali, ya mayar da ita ɗaya gefen, wajen lotsawar.

A rani na uku wayar butar ta tsage, daidai wuyanta inda take shiga ƙarfe. In ka lanƙwasa sai ka ga jan ƙarfen ciki yana leƙe. Ranar da ta fara tsikarinsa a hannu, Baba Nomau ya tsaya cik. Ya san abin tsoro ne, Marka ta sha gaya masa. Amma abin da ya fara zuwa masa ba tsoro ba ne, murna ce, har ya ji kunyar kansa ya waiwaya ko wani ya gani. Daga ranar ya samo busasshen katako yana tsayawa a kai, kuma ba ya taɓa butar sai ya kashe ta daga bango. Sannan ya aika a kira masa Delu.

Ta zo tana taku ɗaɗɗaya. Ya nuna mata. Ta sa ido ɗaya a waya, ɗaya a fuskarsa, ta kasa karanta fuskar, don fuskar kunkuru ba ta karantuwa. Sai ta ciro koriya ta naɗe tsagewar da ita tsaf, ta ce ai yanzu iska ba za ta shiga ba.

"'Yata, ja nake so ki sa," in ji shi.

Launinta ya sauya sau uku kafin ta samu baki. "Baba, ka rufa mini asiri. Jar tana kabad ɗin magatakarda, ko ledarta ba a yage ba. Ranar da na je neman ta, ni ce zan koma ja."

Sai ya kai maganar majalisa. Bai taɓa magana a zauren ba, har wasu suka duba ƙarƙashin tebur suna neman mai muryar. Daga kan faranti ya ce:

"Ranki ya daɗe, butar nan tana fizga. Na ga tsagewar da idona, na ji a hannuna. Ni ɓawo gare ni, kuma na san inda nake tsayawa. Amma akwai masu laushin jiki a ofishin nan, akwai masu shigowa a jiƙe. A kira mai mita ta duba. Iyakar maganata ke nan."

Malam Jibo ya sa aka kawo butar, ya ɗaga ta da tsumma, ya nuna wa kowa koriyar da ke naɗe a wuyan wayar. Ya ce takarda ta ce lafiya, Baba ya ce ba lafiya. Takarda tana da kwanan wata da sa hannu, Baba yana da me? Wani biri daga baya ya ce, "Baba, mita kake kewa ko mai mita?" Zaure ya ɗauki dariya. Baba Nomau ya ja wuyansa ciki har sai da aka mayar da shi ɗakinsa.

Aka shiga bazara, zafi ya kai inda ya kai. Wata Alhamis da hantsi Hajiya Tabawa ta fito daga kogi da ciwon kai, ta ce ba za ta iya jiran faranti ba, ta nufi ɗakin shayi da kanta. Ta cusa rabin jikinta ta ƙofa, ruwa na tsiyaya daga jikinta yana malala a siminti. Butar tana kan wuta tana kuka. Baba Nomau yana kan katakonsa. Ya ce mata ta dakata, amma muryarsa ba ta wuce gwiwarta ba. Ta miƙa jiƙaƙƙen hannu.

A nan fa, in za a faɗi gaskiya, wani tunani ya ratsa shi. In butar ta fizgi shugabar majalisa, ba Delu ba, ba rajista ba, ko Malam Jibo da kansa sai ya tashi ya nemo Marka. Ba sai ya yi komai ba. Shiru kawai zai yi, kuma shiru ai sana'arsa ce. Tunanin bai wuce numfashi ɗaya ba.

Soket yana taku uku daga inda yake, taku uku kuwa a wurinsa tafiya ce. Babban yatsan ƙafar Hajiya yana daidai bakinsa. Sai ya cafke shi da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Hajiya ta kurma ihun da ya tayar da tsuntsaye daga kukoki, ta fizge hannu ta yi baya, ta tafi da ƙyauren ƙofar. A fizgewar nan ɗigon ruwa ɗaya daga hannunta ya faɗa a wuyan wayar. Aka ji tas, wata shuɗiyar wuta ta yi tsalle, koriyar sitika ta ƙone ta nannaɗe. Ita ta gani. Shi ma ya gani. Ba wanda ya gani sai su biyu. Ya lallaɓa ta gefen bango inda ruwa bai kai ba, ya kashe soket, ya zare filogi, sannan ya datse wayar gida biyu da bakinsa don kada wani ya sake sokawa.

Washegari majalisa ta zauna ba shayi. Hajiya ta ɗora ƙafa a kan matashi, yatsa a naɗe. Malam Jibo ya miƙe da rajista a hannu.

"Ranki ya daɗe, abu biyu ne a ɗakin nan jiya, buta da kunkuru. Ɗaya daga cikinsu ya ji wa shugaba ciwo. Buta tana da shaidar lafiya har goma sha biyu, na ƙirga, ba a taɓa samun kayan da ya kai ta shaida ba. Kunkuru ba shi da ko ɗaya. Saboda haka ba sai mun wahalar da kanmu ba. Na duba littafin ma'aikata don a kore shi, ban ga sunansa ba. Na same shi a nan, shafi na huɗu, tsakanin kofi da cokali. Kaya ne. Kaya kuwa in ya yi lahani, doka ba ta bar mu cikin duhu ba, jar sitika ake manna masa a kai shi sito."

Aka yaba da iliminsa. Hajiya Tabawa ta daɗe tana kallon Baba Nomau, shi kuma yana kallon faranti. Can ta ce, "A yi yadda doka ta ce."

Malam Jibo ya yage ledar da kansa, ya manna jar a tsakiyar bayan Baba Nomau, ya danna da tafin hannu, ya sa hannu. Sai da ya gama ne Delu ta matso ta raɗa masa a kunne cewa an samu na takwas, sai an kira shamuwa. Aka ga kunnuwansa sun kwanta. Ya kai farce zai ɗaga gefen sitikar, Hajiya ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Magatakarda, doka ta ce kada kowa ya ɓare." Wasu sun ce zafin yatsa ne ya sa ta faɗi haka. Wasu kuma sun ce dorina ba da girman jiki kaɗai ta zama shugaba ba.

Aka kai shi sito, aka haɗa masa da butar a matsayin shaida. Ya roƙi a miƙo masa dogon gwangwaninsa, aka miƙo.

Sati biyar ya yi a ciki. Ga hitar Hajiya a rataye, ga dutsen guga, ga fankar da ta karkata wuya, duka bakwai ɗin ƙura ta rufe su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana share ƙurar da haɓa har rubutun Marka ya fito. Kowace safiya sai ya tarar an turo masa ganyen yakuwa da yankan kabewa ta ƙarƙashin ƙofa, a jiƙe, suna warin kogi. Bai tambaya ba, ba a gaya masa ba. A waje kuwa biri ne ke dafa shayi da itace, shayin na ɗanɗanon hayaƙi, zaman majalisa ya koma faɗa tun daga addu'ar buɗewa.

Abin da ke cin Baba Nomau ɗaya ne. Sau biyu Marka ta sauka aka sallame ta daga gindin kuka. Mai hankali ba ya sauka na uku. Ba wanda ya san inda za a aika mata takarda, don ba wanda ya taɓa tambayar ta inda take kwana sai shi, shi ma a zuci ya tambaya. Sai ya riƙa kasa kunne ga kwanon rufi. Ƙadangare ya gudu a kai, gabansa ya faɗi. Iska ta jefo 'ya'yan itace, gabansa ya faɗi. Ya sake shirya maganar nan tasa, ya rage ta, ya sake ragewa, har ta dawo kalma huɗu, don ya ga dogayen ne ke maƙalewa.

Ashe majalisa ma ta yi wannan tunanin, don hayaƙi ya ishe su. Da gabas ta fara duhu Hajiya ta sa aka ɗora Delu a ƙololuwar kuka, aka ce ta koma ja ta zauna haka har sai an gan ta daga sama. Kwana biyu baiwar Allah ta yi tana yunƙuri a can.

Ranar Talata da yamma ɗigon farko ya buga kwano, na biyu ya biyo, ƙamshin ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ya ji mukulli. Ya ji muryar Malam Jibo yana bayani, ya ji an ce masa ya jira a waje.

"Mai shayi, kana ciki?"

Marka ta rame kaɗan, jakar ta tsufa, igiyarta an ɗaure ta da ƙulli. Ta zagaya shi ta karanta sitikar, ta dubi butar da guntuwar wayarta, ta ɗaga ƙonanniyar koriyar da baki ta ajiye.

"An ce ka ciji shugaba."

"Na cije ta."

"Da hannunta a jiƙe?"

"Har ƙafa."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta fito da mita ta maƙala a gefen ɓawonsa, ta zuba wa allura ido kamar da gaske. Sannan ta ce ba a kira ta don buta ba, buta koriya ce, ba ta da ikon taɓa ta. Amma ita ba ta san yadda ake gwada mai shayi ba tare da ya dafa shayi ba. Ta zaro sabuwar waya daga jaka, ta kwance gindin butar, ta ɗaura, ta sauya fiyus, ta gwada sau biyu. Akwai soket ɗaya a bayan ƙofar siton. Ruwan kuwa daga indararo ta taro shi.

Da butar ta fara kuka ya turo mata dogon gwangwanin. Ta leƙa ciki ta ga baƙin gashin. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Na sauka sau biyu," in ji ta.

"Na taho sau biyu."

Kalma huɗun ke nan. Ba su ne ya shirya ba, amma su suka fito. Ta cire gashin ta soke shi a igiyar jakarta, ya zuba mata. A ranar ba ta ba shi labarin koguna ba. Ruwa na dukan kwano, suka sha shayinsu.

Da ta buɗe ƙofa 'yan majalisa suna tsaye a baranda, kowa da kofinsa a ɓoye a bayansa. Malam Jibo ya miƙo mata koriya. Ba ta karɓa ba. Ta ce ta gwada kayan, kuma lahaninsa ba irin wanda ake gyarawa a zama ɗaya ba ne. Ana iya aiki da shi, da sharaɗin kada a matso kusa da shi a jiƙe, kuma in ya yi magana a saurara. Jar za ta zauna. Malam Jibo ya ce ai doka ta hana aiki da abin da ke da ja. Ta ce doka ta ce sai shamuwa ta gani, to ta gani. Ya juya wajen Hajiya, Hajiya ta miƙa kofinta.

Marka ta sunkuya a kan bayan Baba Nomau ta yi rubutu a ƙasan sa hannun magatakarda. Shi ba ya iya ganin bayansa, kuma bai tambayi kowa ya karanta masa ba. Ya ji tafiyar alƙalamin, ya san baƙaƙen.

Tun daga shekarar, duk farkon damina shamuwa tana sauka a ofishin nan don abu ɗaya tak, ta yi kwana uku a kansa, ta tashi ta bar shi bai gyaru ba. Sauran kaya Delu ce ke duba su, kuma rahoton kowace shekara yana cewa duka lafiya. Har yau in ka je za ka ga komai kore ne, kuma kowa da tsumma yake taɓa komai. Kunkurun kaɗai ake ɗauka da hannu.